Recreate: Tsakanin Shaƙatawa da Sake Ginawa

Kalmar Turanci da ake rubutawa da haruffa takwas, r-e-c-r-e-a-t-e, kalmomi biyu ne da suka haɗu a rubutu, suka rabu a lafazi da ma'ana. Ta farko ana furta ta "rekriyet", da gajeren wasali a gaɓar farko, kuma a wannan gaɓa ake danna murya. Ma'anarta mutum ya sarara, ya shaƙata, ƙarfinsa ya dawo bayan ya sha aiki. Ta biyu ana furta ta "rii-kriyet", a ja wasalin farko, a kai nauyin murya gaɓar ƙarshe. Ma'anarta a sake yin wani abu da ya taɓa wanzuwa, ya ɓace ko ya wuce, yadda wanda ya gan shi zai ga kamar na dā ne ya dawo.

Bahaushe bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba. A rubutun boko, gari na zama da gari na tuwo haruffansu ɗaya. Haka kuka ta miya da kuka na hawaye, haka fari na launi da fari na ƙarancin ruwan sama. Mai karatu a zuci yana iya wucewa, sauran jimlar ta warware masa. Mai karanta labarai a gidan rediyo ba shi da wannan sauƙi, domin dole ya tsai da ma'ana kafin ya buɗe baki, kuma da zarar ya furta, ya riga ya zaɓa wa dubban masu sauraro.

Asalin kalmomin biyu ɗaya ne, harshen Latin na Rumawan dā. A can akwai aikatau creare, wato a samar da abu ko a haifar da shi, akwai kuma ɗafa-goshi re, mai nufin sakewa ko komawa. Idan an haɗa su sai a sami recreare, wadda Rumawa ke faɗa a kan marar lafiya da ya farfaɗo, ko matafiyi da ya galabaita ya sha ruwa ya wartsake. Masana tarihin harsuna suna danganta creare da wani tsohon tushe mai nufin tsiro da girma, wanda daga gare shi ne Turanci ya sami cereal, wato hatsi. Ta hanyar Faransanci kalmar ta shiga Ingila. Sunan, recreation, shi ya fara bayyana a rubuce wajen ƙarshen ƙarni na 14, kuma a lokacin yana nufin murmurewa daga ciwo ko cin abin da zai mai da wa mutum ƙarfinsa. Aikatau ɗin ya biyo baya a ƙarni na 15. Ita kuwa ta biyun, mai nufin sake yin abu, Turawan Ingila ne suka ƙera ta da kansu wajen ƙarshen ƙarni na 16, suka ɗauki re suka liƙa wa create. Wato ma'anar shaƙatawa ce babba, ta girmi ƙanwarta da fiye da shekara ɗari.

Wannan tarihi yana bayyana wani abu da fassarar gaggawa ke zubarwa. Tsohuwar ma'anar ta ginu ne a kan cewa wani abu ya ƙare a jikin mutum, ana so a mai da shi. Gajiya ce ke zuwa da fari, sannan shaƙatawa ta biyo. Wanda ya wuni a kwance a gindin bishiya ba ya cikin wannan ma'ana, domin babu abin da ya kashe balle a mayar masa. Hausa ma tana da irin wannan ajiya. Kalmar nishaɗi daga Larabci ta zo, inda take nufin kuzari da zafin nama, kuma raha daga kalmar Larabci mai nufin hutu take. Saboda haka idan ana neman Hausar da ta fi kusa da ruhin kalmar, wartsakewa da farfaɗowa sun fi wasa ko sharholiya dacewa, ko da yake a maganar yau da kullum shaƙatawa ce ta fi shiga baki.

A tsohon Turanci mutum yakan ce ya yi recreate ɗin kansa, ko kiɗa ya yi recreate ɗin baƙi, wato ya sanyaya musu rai. Sannu a hankali aikatau ɗin ya ja baya a Ingila, har ya zama wanda ya faɗe shi ana jin ƙanshin tsohon littafi a bakinsa. Sunan kuwa sai ya bunƙasa, kuma masana'antu ne suka bunƙasa shi. Da aka tara mutane a masaƙu da ma'adinai suna aikin awa goma sha biyu ko fiye, sai batun lokacin sararawa ya zama batun siyasa. A 1817 Robert Owen, mai masaƙa a New Lanark ta ƙasar Sikotilan, ya yi kira da a kasa yini da dare gida uku: awa takwas na aiki, awa takwas na recreation, awa takwas na hutu. Abin lura a wannan kaso shi ne an raba shaƙatawa da barci. Shaƙatawa wani abu ne da mutum ke yi a farke, da jikinsa ko hankalinsa, don jin daɗin kansa. A 1859 majalisar Ingila ta yi doka a kan keɓe filayen shaƙatawa a garuruwa, kuma a 1919 yarjejeniya ta farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar ta tsai da awa takwas a rana da awa 48 a mako a masana'antu.

Da wannan ma'ana kalmar ta iso Nijeriya a bakin Turawan mulki, waɗanda suka kafa kulob-kulob na wasanni a manyan garuruwa. Har yau akwai wanda ke ɗauke da sunan Recreation Club a Ibadan. Ta shiga barikin soja, inda ake tsara lokacin wasanni kamar yadda ake tsara fareti, kuma ƙasar Zuru ta jihar Kebbi, wadda ta yi suna wajen ba Nijeriya sojoji tun daga kurtu har janar, tana cike da tsofaffin sojoji da suka san kalmar tun kafin jikokinsu su gamu da ita a aji. A ƙaramar sakandare ana koyar da ita a darasin motsa jiki da kiwon lafiya. Ta shiga doka ma: sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya amince wa yaro da haƙƙin hutu da wasa da shaƙatawa, kuma Dokar Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003 ta ɗauki wannan haƙƙi. A hayin iyaka, ɗan makaranta a Maraɗi ko Dosso ya san kalmar ta wata fuskar, domin a Faransanci récréation ita ce ɗan hutun da ake ba yara tsakanin darussa, abin da ɗalibai a Kano ke kira fita tara. Faransanci ya ma fi Turanci sauƙaƙa wa mai karatu, tunda ya sa alama a kan wasalin farko na aikatau mai nufin shaƙatawa, ya bar na sake yin abu babu alama a wannan gurbi.

A Amurka ne aikatau ɗin shaƙatawa ya ci gaba da rayuwa sosai, musamman a bakin ma'aikatan gandun daji da hukumomin wuraren shan iska. A 2020, lokacin annobar korona, da mutane suka yi ta tururuwa zuwa dazuzzuka da bakin ruwa, an ƙaddamar da wani gangami mai taken Recreate Responsibly, wato a shaƙata amma a kiyaye. Mai karatu a wajen Amurka zai iya tsayawa yana tambayar me ake so a sake yi, alhali shaƙatawa ake nufi.

Akwai kuma siffar recreational, wadda ta ma'anar shaƙatawa ce kaɗai, ba ta taɓa nufin sake yin abu. Ana liƙa ta ga filin wasa, ga kayan wasanni, ga tafiyar buɗe ido. Wuri ɗaya ne take buƙatar taka-tsantsan. A rahotannin lafiya ana cewa recreational drug use, ana nufin shan ƙwaya ko wiwi ba don magani ba, don a ji maye. Mai fassara da ya ce "ƙwayoyin shaƙatawa" ya yi wa shaye-shaye ado da sunan da bai cancanta ba, kuma matashin da ke sauraro zai iya ɗauka abin wasa ne. "Shan ƙwaya don maye" shi ne abin da ake nufi, shi ya kamata a faɗa.

Kalma ta biyu, ta sake yin abu, ita ce a yau ta mamaye jaridu da litattafai, har ya zama idan an ga aikatau ɗin a rubutu, galibi ita ce. Nahawu yana ba da ma'auni mai sauƙi. Ta sake yin abu tana buƙatar karɓau, dole a ambaci abin da aka sake yi. Idan aka ce "The pupils recreated an old market on the stage", ga karɓau nan, tsohuwar kasuwa, saboda haka ma'anar ita ce ɗalibai sun kwaikwayi tsohuwar kasuwa a kan dandamali. Idan kuwa aka ce "Families recreate by the river", babu karɓau, sai wurin da abin ya faru, ma'anar ita ce iyalai suna shaƙatawa a bakin kogi. A suna kuwa lamarin ya juya: recreation idan ta zo ita kaɗai kusan kullum shaƙatawa ce, sai an ga ta biyo da "of" da wani abu, kamar yaƙi ko gini ko zamani, sannan ta koma sake yi.

Inda ɗalibai suka fi yin tuntuɓe shi ne bambance ta da maƙwabtanta, kuma jihar Kebbi da kewayenta sun isa a ciro misalai. Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu gini ne na asali. Sarki Yakubu Nabame ya gina shi, ya zama fadar sarakunan Kabi har 1942, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1958. Idan bangonsa ya tsage aka yaɓe shi aka mai da shi yadda yake, Turanci zai ce restore. Idan aka sa masa sabon rufi da fenti da wutar lantarki, renovate ke nan, abin da ake kira kwaskwarima. Duka biyun suna buƙatar ainihin abin yana nan. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake ƙirga tarihinsa na zamani daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a watan Maris na 2020. Wannan revive ne, farfaɗowa, domin kogin Matan Fada yana nan, masunta suna nan da homa da gora, Sarkin Ruwa yana nan. Barci bikin ya yi, aka tashe shi.

Wanda ke son ganin recreate da idonsa sai ya je Jos. Kusa da gidan tarihin da aka buɗe a 1952 akwai wani fili na gine-ginen gargajiya na Nijeriya, inda aka gina kwatankwacin wani ɓangare na ganuwar Kano, da fadar Katsina, da masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Da ƙasa aka yi su, da girmansu na gaske, bisa awon da masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya yi shekaru yana tattarawa. Babu tubali ko ɗaya na Babban Gwani a ginin Jos. Duk da haka, tunda a shekarun 1970 an yi wa masallacin Zariya ginin zamani da ya lulluɓe tsohon, mai son sanin siffarsa ta waje yana samun abin dubawa a can. Wannan ita ce darajar sake yi, ita ce kuma iyakarsa. Kama da wane ba wane ba ne, amma idan wane ya tafi, kamar tasa tana da amfani. A birnin Paris ma an ga restore da recreate a gini ɗaya bayan gobarar cocin Notre-Dame ta watan Afrilun 2019: bangon dutse da ya tsira an gyara shi, hasumiyar da ta ƙone ƙurmus kuwa sai da aka sake ƙera ta daga zanen ƙarni na 19, kafin a buɗe cocin a Disambar 2024.

Ba gini kaɗai ake yi wa haka ba. Fim ɗin Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya shirya daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya sake kafa zamanin ayari da cinikin bayi a gaban kyamara, da tufafinsa da raƙumansa. 'Yan sanda sukan koma inda aka yi laifi su maimaita yadda abin ya auku. Mai gyaran kwamfuta yakan nemi matsalar ta sake faruwa a gabansa kafin ya gano maganinta, wanda kuma fayil ɗinsa ya goge babu ajiya dole ya sake haɗa shi daga farko. Ɗalibi a Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, wadda aka kafa a 2020, zai ji ana cewa a yi recreate ɗin yanayin fadama a ɗakin gwaji, wato a samar da zafi da damshi irin nata. Amma idan gwajin wani masani ne ake son a maimaita daki-daki a ga ko sakamako zai zo ɗaya, kalmar da masu kimiyya ke so ita ce replicate. Bambancin shi ne recreate tana barin ƙofa ga hasashe da basirar mai yi, ita kuwa replicate ba ta yarda a ƙara ko a rage.

Juya wannan kalma zuwa Hausa yana da wani tarko na musamman. Create a ƙamus halitta ce, amma a kunnen Bahaushe, Musulmi ko Kirista, halitta ta Allah ce shi kaɗai. Wanda ya ce magina sun "sake halittar" masallaci ya faɗi abin da zai sa dattijo ya yi istigfari. Hausa ba ta da kalma ɗaya da za ta rufe dukkan wuraren da Turanci ke amfani da tasa, kuma wannan ba naƙasu ba ne, domin tana da wadda ta dace da kowane wuri. Gini ana sake gina shi ko a yi kwatankwacinsa. Yaƙi ko tarihi ana kwaikwayonsa. Abinci ana dafa irinsa. Takarda ana sake rubuta ta. Yanayi ana dawo da shi ko a samar da irinsa. Mai fassara nagari yana duba karɓau tukuna, shi ne zai nuna masa aikatau.

A masarautar Zuru akwai abu ɗaya da ma'anonin biyu suka haɗu a kansa, shi ne bikin Uhola. Masarautar, wadda ke kudu maso gabashin jihar Kebbi, ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Zuru, Fakai, Danko/Wasagu da Sakaba. Mafi yawan jama'arta Lelna ne, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, masu magana da harshen C'lela, tare da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da sauransu, kuma Hausa ce harshen kasuwa da ke haɗa su. A al'adar Lelna saurayi ba ya samun mata sai ya yi golmo, wato ya shiga ƙungiyar samari su riƙa noma gonar surukai, damina bayan damina, har shekara bakwai. Aiki ne mai cin jiki, kuma da shi ake auna jarumtar namiji da haƙurinsa. Bayan an kai dawa rumbu sai a yi Uhola, kowane gari da ranarsa: a gode wa Allah a kan amfanin gona, a yi kiɗa da rawa da kokawa, a ci a sha, a fito da waɗanda suka kammala golmo a gaban jama'a a matsayin cikakkun maza da suka isa aure.

Wannan shi ne recreation a tsohuwar ma'anarta cikakkiya. Ƙarfin da fartanya ta cinye ake mai da wa gari guda. Rawar tana da daɗi ne saboda kunyoyin da aka yi kafinta, kuma ɗan golmo da ke tsalle a fili ya san abin da ya biya kafin ya kai ga wannan rana. Saboda haka idan takardar hukuma ta jera Uhola a ƙarƙashin shaƙatawa da yawon buɗe ido, ba ta yi ƙarya ba, sai dai mai karatu na yau, wanda ya saba jin kalmar a kan lilo da wurin shan lemo, zai ɗauki bikin da sauƙin da bai dace da shi ba. A cikinsa akwai godiya ga Ubangiji, akwai yaye matasa, akwai ƙulla aure tsakanin gidaje.

Uhola ta yau kuma tana da rabo a ma'ana ta biyu. Makaranta da aikin soja da aikin gwamnati sun ɗebe samari daga gona. Musulunci da Kiristanci sun sauya yadda ake neman aure, sadaki da kuɗi sun shiga inda dā noma ke tsayawa, golmo ya ragu a wurare da dama. A zamanin sarautar Manjo Janar Muhammadu Sani Sami mai ritaya, Sami Gomo na II, wanda ya rasu a watan Agustan 2025, an ƙarfafa babban bikin Uhola na masarauta baki ɗaya a garin Zuru, haɗe da baje kolin amfanin gona, inda ƙungiyoyi daga gundumomi ke zuwa su nuna rawarsu da shigarsu a gaban sarakuna da manyan baƙi. Wani ɓangare na abin da ake gani a wannan fili ci gaba ne na abin da bai taɓa yankewa ba. Wani ɓangaren kuwa sake yi ne: ɗan sakandare ya sa kayan golmo ya ɗauki fartanya ya taka rawar, alhali bai taɓa noma gonar suruki ba. Ba a raina wannan. Da don ba shi ba, yara da yawa da aka haifa a barikokin Kaduna da Legas ba za su taɓa ganin shigar kakanninsu ba, kuma taron yana haɗa Musulmi da Kirista da mai bin addinin gargajiya a inuwa ɗaya. Amma ya kamata masu shirya biki da 'yan jarida su riƙa kiran kowane abu da sunansa, su nuna wanda ake yi har yanzu a ƙauyuka da wanda ake kwaikwayo don tunawa. Idan aka cakuɗa su, jama'a za su zaci komai na nan lafiya, har a wayi gari tsofaffin da suka san ma'anar waƙoƙin sun ƙare ba a ɗauki komai daga bakinsu ba.

Abin da ake iya sake yi ya dogara ne a kan abin da ya rage a hannun mutane. An san ƙasar Dakarkari da tukwane da siffofin yumɓu da mata ke ginawa a ɗora a kan kaburburan manyan mutane, irin su gwanayen noma da farauta da kokawa, kuma da yawansu yau suna gidajen tarihi a ciki da wajen Nijeriya. Hoto zai nuna siffar, amma ba zai nuna inda ake haƙo yumɓun ba, ko yadda ake cuɗa shi, ko irin wutar da ake gasa shi da ita. A Tambutu, hubbarorin waliyyai da aka rusa a 2012 sun sake tashi zuwa 2015 saboda iyalan magina na garin suna riƙe da sana'ar. Haka lamarin yake ga mutanen da hare-haren 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukan Danko/Wasagu da Sakaba. Rahotannin Turanci sukan ce suna ƙoƙarin recreate ɗin rayuwarsu a inda suka sami mafaka. Ɗaki ana iya sake ginawa cikin mako biyu, amma gayya da golmo da ranar biki suna buƙatar gona da maƙwabta da kwanciyar hankali.

Saura batun karan ɗori, ɗan gajeren layin da ake sawa tsakanin re da create. Ana sa shi ne don ya raba kalmomin biyu a ido: mai layi ita ce sake yi, marar layi ita ce shaƙatawa. Ƙamus ɗin Merriam-Webster na Amurka yana gabatar da mai layin, yana kuma yarda da marar layi. Ƙamus ɗin Oxford na masu koyo, wanda ya fi yawa a makarantun Nijeriya, yana rubuta aikatau ɗin sake yi babu layi. Duka biyun daidai ne, abin da ake nema shi ne marubuci ya tsaya a kan ɗaya daga farkon takarda zuwa ƙarshenta. A suna ne layin ya fi amfani, domin jimlar da ke maganar recreation na wani tsohon filin wasa tana iya ɗaukar ma'ana biyu, layin ne kaɗai zai raba gardama.

Turanci yana da irin waɗannan tagwaye da dama. Recover warkewa ce ko ƙwato abu, re-cover kuwa sake rufe kujera da sabon yadi. Reform gyara ne, re-form sake kafawa. Mafi haɗari a ɗakin labarai ita ce resign, domin marar layi murabus ne, mai layi kuwa sake sa hannu a kwantiragi, kuma labarin ɗan ƙwallo yana iya juyewa gaba ɗaya a kan wannan. A dukkansu doka ɗaya ce: idan re tana nufin sakewa, ana jan wasalinta a ba ta nauyinta, idan kuwa ta narke cikin tsohuwar kalma, ana gajarta shi. Ɗaliban da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO suna gamuwa da wannan a takardar gwajin lafazi, inda ake tambayar gaɓar da ke ɗauke da nauyin murya. A aikatau, ta shaƙatawa nauyinta a gaɓar farko, ta sake yi a ta ƙarshe. A suna kuwa nauyin duka biyun yana kan gaɓa ta uku, wasalin farko ne kaɗai ke bambanta su: "rekriyeshan" ga filin shaƙatawa, "rii-kriyeshan" ga ginin da aka yi kwatankwacin na dā.